Da An Ja Layin Ta Wata Fuska: Hausawan Babbar Kasuwar Anaca da Shata Mazaɓun Tarayya, 1958 zuwa 1964

1.0 Gabatarwa

Masana tarihi ba su cika son kalmar "da a ce" ba, domin aikinsu bin diddigin abin da ya faru ne. Duk da haka, akwai lokacin da auna abin da bai faru ba yake taimakawa wajen gane dalilin abin da ya faru. Wannan maƙala ta ɗauki wannan hanya domin duba matsayin Hausawa mazauna Jihar Gabas ta dā, musamman waɗanda rayuwarsu ta ta'allaƙa da Babbar Kasuwar Anaca, garin da ake rubutawa Onitsha a takardun hukuma, a lokacin da aka shata mazaɓun Majalisar Wakilai ta Tarayya a 1958, aka kuma sake rabon kujeru a 1964. Tambayar ita ce: da an ja iyakokin mazaɓun nan ta wata fuska dabam, shin waɗannan 'yan kasuwa za su sami mai magana da yawunsu a majalisar Ikko? Za a fara da fayyace wasu kalmomi, sannan a kawo tarihin zama da na shata iyaka, daga bisani a gwada hanyoyi uku da ba a bi ba. Abin da maƙalar take son nunawa shi ne, matsalar ba ta zanen taswira ba ce, ta ma'anar "ɗan gari" da "baƙo" ce.

2.0 Kalmomi Uku

Kalmar farko ita ce "mazaɓa". A ƙirar kalma, sunan wuri ce, wadda aka gina daga saiwar "zaɓ-" da ɗafa-goshin "ma-" da ɗafa-ƙeyar "-a", tamkar dai makaranta da majema da mahauta da masaƙa. Ma'anar da ƙirar ta bayar ita ce wurin da ake zaɓe. Ke nan kalmar ta jingina zaɓe da wuri, ba ta jingina shi da jini ko harshe ba, kuma a nan ta dace da tsarin Ingila wanda Nijeriya ta gada, inda kowane yanki na ƙasa yake aika mutum ɗaya, wanda ya fi yawan ƙuri'a kuma shi ne ya ci.

Kalma ta biyu ita ce "baƙo". Bahaushe yana cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba, wato shi baƙo ba ya daɗewa. Amma baƙuncin zango iri dabam ne, domin akan haifi mutum a zango, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, a binne shi a maƙabartar garin, alhali sunansa baƙo har ya koma ga Mahaliccinsa.

Kalma ta uku ita ce "Awusa", wadda Igbo suke kiran Bahaushe da ita. A bakin mutanen Gabas kalmar ta fi ta Hausa faɗi, domin takan haɗa Bahaushe da Bafillace da Banufe da Babarbare, kai har ma da duk wanda ya zo daga Arewa da sutura irin ta Musulmi. Daga ita ne aka sami sunayen unguwanni irin su Ama Awusa da Ogbe Awusa a garuruwan Igbo. Faɗin ma'anar wannan kalma zai zama muhimmi idan aka zo maganar wanda za a rubuta a rajistar baƙi.

3.0 Hausawa a Anaca

Anaca tana gaɓar gabas ta Kogin Kwara, tana fuskantar Asaba. Tun kafin zuwan Turawa, bakin kogin wurin haɗuwar fatake ne, kuma a rabi na biyu na ƙarni na 19 jiragen ruwan Igala da na Nufawa suna saukowa da kaya daga sama, Hausawa kuma suna biye da su. A 1857 aka kafa tashar ciniki ta Turawa da kuma mishan a ƙarƙashin Samuel Ajayi Crowther. Bayan da Kamfanin Neja ya sami izinin mulki a 1886, ya yi hedikwatarsa a Asaba, da yawa daga cikin dakarunsa Hausawa ne, wasunsu kuma da suka bar aiki ba su koma gida ba. Daga baya sai dillalan shanu da mahauta da masu sayar da kanwa da albasa da wake da busasshen kifi suka biyo, suna komawa Arewa da manja da atamfa da kayan kanti.

Alamar wannan cuɗanya tana nan a harshen Igbo. Suna kiran shinkafa "osikapa", albasa "yabasi", kanwa "akanwu", sannan goron da Bahaushe ya saba ci suna ce masa "gworo" ko "oji Awusa" domin bambanta shi da nasu goron na al'ada. Tana nan kuma a taswirar garin, domin daga cikin titunan da suke kewaye da kasuwa akwai Titin Bida, inda babban masallacin garin yake, da kuma Titin Sakkwato.

Akwai wani abu da ya bambanta Anaca da Inugu da Fatakwal. Waɗannan biyu sababbin garuruwa ne na Turawa: an gano kwal a ƙasar Udi a 1909, aka kafa Fatakwal a 1913 domin fitar da shi, layin dogo ya haɗa su a 1916, daga baya kuma ya zarce Arewa ta Makurɗi. A irin waɗannan garuruwa kusan kowa zuwa ya yi. Ita kuwa Anaca tsohon gari ce mai sarki, wato Obi, da masu sarauta, kuma jirgin ƙasa bai taɓa zuwa can ba, kogi da mota ne suka raya ta. Saboda haka garin ya rabu gida biyu: cikin gari, inda 'yan asalin Anaca suke, da bakin kogi, inda kasuwa take, wanda Igbo daga wasu garuruwa suka cika. Zuwa shekarun 1950 waɗannan baƙin Igbo sun fi 'yan asali yawa, kuma an yi ta ja-in-ja tsakaninsu a kan kujerun majalisar gari da rabon rumfunan kasuwa, musamman da aka sake gina Babbar Kasuwar da siminti da ƙarfe a zamanin firimiyancin Dokta Nnamdi Azikiwe. Shi kansa Azikiwe ɗan asalin Anaca ne da aka haifa a Zungeru a 1904, ya kuma tashi da Hausa a bakinsa. A cikin wannan tsari, Bahaushen Anaca baƙo ne a tsakanin baƙi.

4.0 Yadda Aka Shata Mazaɓu

Rabon kujeru tsakanin jihohi ya riga shata iyaka. A Babban Taron Ibadan na 1950 wakilan Arewa suka kafe a kan sai an ba su rabin kujerun majalisar tsakiya, aka kuma ba su. A tsarin mulkin Macpherson na 1951 Arewa ta sami 68, Gabas 34, Yamma 34. A na Lyttleton na 1954 kujerun zaɓe suka zama 184: Arewa 92, Gabas 42, Yamma 42, Kudancin Kamaru 6, Ikko 2.

Taron London na 1957 shi ne ya yanke shawarar a raba ƙasar zuwa mazaɓu 320 masu wakili ɗaya-ɗaya, bisa yawan jama'a. Aka naɗa hukuma a ƙarƙashin Lord Merthyr, ta ba da rahotonta a 1958. Ma'aunin da ta yi aiki da shi shi ne ƙidayar 1952 zuwa 1953, kowace mazaɓa kuma ta ƙunshi mutane kimanin 100,000. Babu mazaɓar da ta tsallaka iyakar jiha, kuma gwargwadon hali an bi iyakokin mulki da aka tarar. Sakamakon shi ne Arewa 174, Gabas 73, Yamma 62, Ikko 3, Kudancin Kamaru 8. Ba a yi zaɓe a kujerun Kamaru ba, don haka kujeru 312 aka yi takara a kansu ranar 12 ga Disamba, 1959. NPC ta ci 134, ƙawancen NCNC da NEPU ya ci 89, wanda 8 daga ciki na NEPU ne, AG ta ci 73, sauran 16 kuma suka tafi ga 'yan takara masu zaman kansu da ƙananan jam'iyyu.

A daidai wannan lokaci wata hukuma, a ƙarƙashin Sir Henry Willink, tana zagaya ƙasar tana sauraron koke-koken ƙananan ƙabilu. Rahotonta na 1958 bai amince da ƙirƙiro sababbin jihohi ba, ya ba da shawarar a rubuta haƙƙin ɗan'adam a tsarin mulki, a kuma ba yankin bakin teku na Neja kulawa ta musamman. Abin lura shi ne, mafi yawan masu koken mutane ne masu ƙasa tasu, kamar masu neman jihar Kalaba da Ogoja da Ribas, ko ta Tsakiyar Nijeriya. Tsirarun da ba su da ƙasa a inda suke zaune, irin Hausawan Anaca ko Igbon Sabon Garin Kano, ba su ne ginshiƙin wannan muhawara ba.

Rabo na biyu ya biyo bayan rikicin ƙidaya. An soke ƙidayar 1962, aka sake wata a 1963 wadda ta ba ƙasar mutum miliyan 55.6, Arewa kuma miliyan 29.8. Firimiyan Gabas, Dokta Michael Okpara, ya ƙi amincewa da sakamakon, gwamnatinsa ta kai ƙara Kotun Ƙoli, amma ba ta yi nasara ba. A kan wannan ƙidaya aka sake raba kujeru 312 domin zaɓen 30 ga Disamba, 1964: Arewa 167, Gabas 70, Yamma 57, sabuwar Jihar Yamma ta Tsakiya 14, Ikko 4.

Lissafi ɗaya ya isa ya nuna matsayin Hausawan Gabas. A ƙidayar farko mutanen garin Anaca kimanin 77,000 ne, na Fatakwal kimanin 72,000, na Inugu kimanin 63,000. Wato ko ɗaya daga cikinsu, da 'yan gari da baƙi gaba ɗaya, bai cika ma'aunin kujera ɗaya ba. A 1963 Anaca ta kai kimanin 163,000, amma ma'aunin kansa ya tashi zuwa kimanin 178,000. Idan gari sukutum bai cika mudu ba, ina ga unguwa ɗaya a cikinsa?

5.0 Hanyoyin da Ba a Bi Ba

5.1 Da an ware bakin kogi

Hanya ta farko ita ce a ɗauka hukumar Merthyr ta ja layi tsakanin cikin gari da bakin kogi, ta mayar da kasuwa da unguwannin da suke kewaye da ita mazaɓa mai zaman kanta. Cikas na farko na lissafi ne. Raba mutum 77,000 gida biyu zai haifar da mazaɓu biyu da aƙalla ɗaya daga cikinsu ba ta kai rabin ma'auni ba, kuma dole a ƙwato ƙarin kujerar daga wani yanki na karkara a cikin kujeru 73 na Gabas, abin da babu wata gunduma da za ta yarda da shi cikin daɗin rai.

A ce ma an tsallake wannan, wa zai ci kujerar? Babu shakka baƙin Igbo ne, domin su ne suka fi yawa a rumfunan kasuwa. Bahaushe zai tashi daga tsiraru a gari ya koma tsiraru a kasuwa. Daɗin daɗawa, zai iya yin asarar ɗan abin da yake hannunsa. Ƙuri'ar tsiraru tana yin tsada ne a inda manyan ɓangarori biyu suke kusa da juna, kowanne yana neman mai rinjayar masa da sikeli. Muddin 'yan asali da baƙin Igbo suna cikin akwati ɗaya suna ja, akwai dalilin da zai sa ɗan takara ya taka zuwa ƙofar Sarkin Hausawa. Da zarar an raba su, kowane ɓangare ya mallaki tasa mazaɓar, to buƙatar wannan ziyara ta ragu. Ke nan layin da ake zaton zai kusantar da Hausawa ga kujera, shi ne zai rage darajar ƙuri'arsu.

5.2 Da an ware wa baƙi kujera

Hanya ta biyu ita ce a yi watsi da ƙasa, a tara 'yan Arewa mazauna Anaca da Inugu da Fatakwal da Aba da Umuahiya da Owerri da Abakaliki a rajista ɗaya, su zaɓi wakili ɗaya. Wannan ba baƙon abu ba ne a daular Ingila. An ware wa ƙabilar Maori kujeru 4 a New Zealand tun 1867, an kuma ba Musulmin Indiya rajista dabam a 1909. A Nijeriya ma tsarin mulkin 1951 da na 1954 sun ba Gwamna ikon naɗa wasu wakilai na musamman domin buƙatun da zaɓe bai wakilta ba. A maƙwabciya Jamhuriyar Nijar, zaɓen 1993 ya zo da mazaɓu na musamman guda 8 cikin kujeru 83 domin ƙananan al'ummu irin su Tubawa da Larabawa da Gurmawa, ko da yake su waɗannan suna da yankunan da suka fi yawa a cikinsu, saɓanin 'yan zango.

Wannan hanya tana da matsaloli uku. Ta farko ita ce ramuwa. Duk abin da aka ba Awusa a Gabas dole a ba Igbo da Yarabawa a Sabon Garin Kano da na Zariya da Kaduna da Jos, kuma 'yan Kudu mazauna Arewa sun fi 'yan Arewa mazauna Gabas yawa nesa ba kusa ba. Kujera ɗaya da za a cire daga 73 na Gabas za ta jawo a cire fiye da haka daga 174 na Arewa. Gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello, wadda a lokacin take tsakiyar shirin mayar da ayyukan gwamnati hannun 'yan Arewa, kuma rikicin Kano na watan Mayun 1953 bai gushe daga zukata ba, da wuya ta sayi wannan haja. Wato babban mai adawa da kujerar Hausawan Anaca zai fito ne daga Kaduna, kafin ma a je Inugu.

Ta biyu ita ce ta ma'ana. Wane ne za a rubuta? Idan harshe ne ma'auni, ina matsayin Banufen Titin Bida, ko yaron da aka haifa a Anaca, uwarsa Igbo, wanda ya fi sakewa da harshen uwarsa? Idan addini ne, ina matsayin Musulmin Igbo na ƙasar Nsukka da na Afikpo, da kuma Kiristan Arewa? Idan wurin haihuwa ne, to jikan sojan Kamfanin Neja ya fita, Azikiwe kuma ya shiga. Kalmar "Awusa" tana aiki a kasuwa ne saboda ba ta da iyaka tsayayya, doka kuwa ba ta iya aiki da kalma sai ta yi mata iyaka.

Ta uku ita ce abin da rajistar za ta koyar. Ranar da aka ce Bahaushe yana da tasa kujera, an kuma ce ke nan ba shi da hannu a kujerar garin da yake zaune. Wakilin Anaca ba zai ƙara ganin mahautan kasuwa a matsayin mutanensa ba. Indiya ta soke irin wannan rajista bayan samun 'yanci, saboda shugabanninta sun ɗauke ta a cikin abubuwan da suka zurfafa rabuwar da ta kai ga raba ƙasar a 1947.

5.3 Da an raba kujeru bisa yawan ƙuri'u

Hanya ta uku ita ce a bar shata iyaka baki ɗaya, a ƙirga ƙuri'un kowace jam'iyya a faɗin ƙasa, a ba ta kujeru daidai kasonta. A 1959 an kaɗa ƙuri'a sama da miliyan 7. Ƙawancen NCNC da NEPU ya sami sama da miliyan 2.5, NPC da AG kuma kowacce kimanin miliyan 2. A wannan tsari kujera ɗaya ba za ta kai ƙuri'a 25,000 ba. NEPU, mai ƙuri'a kimanin rabin miliyan, za ta tashi da kujeru wajen 20 a maimakon 8, NPC kuma ba za ta kai 90 ba a maimakon 134.

Wannan ce kaɗai hanyar da za ta ba ƙuri'ar ɗan zango cikakkiyar daraja. NPC jam'iyyar 'yan Arewa ce, ba ta tsayar da 'yan takara da sunanta a Gabas a 1959 ba, sai dai ta yi ƙawance da Niger Delta Congress, wadda ta ci kujera ɗaya a yankin Ribas. Saboda haka mai goyon bayan NPC a Titin Bida ba shi da akwatin da zai jefa wa ƙuri'a. Da jerin sunayen jam'iyya ake zaɓa a ƙasa baki ɗaya, da ƙuri'arsa ta haɗu da ta ɗan'uwansa na Katsina.

Sai dai wannan hanya ita ce ta fi kowacce nisa daga yiwuwa. Dalilin da ya sa NPC ta fi kujeru alhali ba ta fi ƙuri'u ba shi ne, an raba kujeru bisa yawan jama'a, maza da mata da yara, amma a Arewa maza kaɗai suke zaɓe, a Kudu kuwa har da mata. Matan Arewa ba su sami wannan dama ba sai a 1976, suka kuma yi zaɓen tarayya na farko a 1979. Karɓar rabo bisa ƙuri'u yana nufin Arewa ta saki abin da ta kafe a kansa tun 1950, ko kuma ta buɗe wa mata rumfar zaɓe shekara 17 kafin lokacin da ta yi hakan. A nan akwai wani abin lura da ya koma ga ma'anar "mazaɓa": hanin ya rataya ne a kan jiha, ba a kan asali ba, don haka a doka Bahaushiya mai sayar da abinci a Anaca tana da ƙuri'a a 1959, alhali 'yar'uwarta ta Kano ba ta da ita.

6.0 Inda Muryar Ta Fito

Idan manyan layuka ba su bayar da kujera ba, ta ina 'yan Arewa suka sami murya a Gabas? Ta ƙananan majalisu da kuma jam'iyya. Dokar ƙananan hukumomi ta Gabas ta 1950 ta kawo majalisun da ake zaɓa unguwa-unguwa, kuma a wannan mataki 'yan ɗaruruwan ƙuri'u suna iya yanke hukunci. Misalin da ya fi fice shi ne na Malam Umaru Altine, Bafillace ɗan ƙasar Sakkwato, dillalin shanu kuma jigo a NCNC, wanda ya zama Magajin Garin Inugu na farko a 1956. Ba yawan Hausawa ne ya ɗora shi ba, domin mafi yawan masu zaɓe da kansiloli Igbo ne. Jam'iyya ce ta ɗauke shi, a garin da shi ma yake da tasa rabuwar tsakanin mutanen ƙasar da ke kewaye da shi da Igbon da suka zo daga nesa. Ƙawancen NCNC da NEPU ta Malam Aminu Kano, wanda ya fara a 1954, ya sa ɗan Arewa yana iya shiga jam'iyyar Azikiwe ba tare da jin ya bar gida ba. A Anaca kuwa, hanyar sarauta aka bi, domin Sarkin Hausawan garin ya sami kujera a Majalisar Sarakunan Gabas bayan an kafa ta. Abner Cohen, a littafinsa na 1969 a kan Sabon Ibadan, ya nuna yadda Hausawan can suka ƙarfafa haɗin kansu ta ɗarikar Tijjaniyya da riƙe cinikin shanu da goro a lokacin da siyasar jam'iyyu ta raunana ikon Sarkin Sabo. Duka misalan suna nuna cewa ɗan zango ya dogara ne da ciniki da ƙawance, ba da taswira ba.

Wannan tsari bai daɗe ba. An kammala gadar Kwara a ƙarshen 1965, aka yi juyin mulki ranar 15 ga Janairu, 1966. Bayan kashe-kashen da aka yi wa 'yan Gabas a Arewa a watan Mayu da kuma Satumba zuwa Oktoba, da ramuwar da ta shafi 'yan Arewa a garuruwan Gabas, gwamnan soja Odumegwu Ojukwu ya umarci waɗanda ba 'yan jihar ba su fice. A watan Oktoba na 1967, lokacin da Runduna ta Biyu a ƙarƙashin Murtala Muhammed ta yi yunƙurin farko na kama garin, Babbar Kasuwar ta ƙone. Babu ɗaya daga cikin taswirori ukun da aka gwada a sama da za ta hana wannan, domin majalisar da ake neman kujera a cikinta ita kanta an rushe ta tun a watan Janairu.

Bayan yaƙin ya ƙare a 1970, an sake gina kasuwar, Hausawa kuma suka dawo. Amma tsarin mulkin 1979 ya zo da wani sabon abu. Domin tabbatar da daidaiton rabon muƙamai, ya fassara zama ɗan jiha da cewa mutum ne wanda iyayensa ko kakanninsa suke daga al'ummar da take 'yar asalin jihar, na 1999 kuma ya ci gaba da wannan fassara. Ƙuri'a ta ci gaba da bin wurin zama, muƙami kuma ya bi asali. Tsarin 1999 ya ƙayyade kujeru 360, ya hana mazaɓa tsallaka iyakar jiha, kuma ƙananan hukumomin Anaca ta Arewa da Anaca ta Kudu suka zama mazaɓar tarayya ɗaya a Jihar Anambra. Rikicin watan Fabrairun 2006, wanda ya biyo bayan na Maiduguri, ya sa 'yan Arewa da dama tsallaka gada zuwa Asaba domin tsira, ya kuma nuna cewa shekara 40 bayan 1966 ana ci gaba da ɗaukar ɗan zango a matsayin jinginar abin da ya faru a garin kakanninsa.

7.0 Kammalawa

An gwada hanyoyi uku da za a iya bi a 1958 ko 1964. Ware bakin kogi zai amfani baƙin Igbo ne, ya kuma rage tsadar ƙuri'ar Hausawa. Ware wa baƙi kujera zai ci Arewa fiye da abin da zai ba ta, zai tilasta wa doka ta yi wa kalmar "Awusa" iyaka, sannan ya tabbatar da baƙunci a rubuce. Rabo bisa yawan ƙuri'u zai ba ɗan zango haƙƙinsa, amma sai an rushe yarjejeniyar da tarayyar ta tsaya a kanta. Abin da ya yi aiki a zahiri shi ne ƙaramar majalisa da jam'iyyar da ta tsallaka iyakar jiha, waɗanda suka kai dillalin shanu daga Sakkwato kujerar Magajin Garin Inugu. Saboda haka duk wata sake shata mazaɓu da za a yi nan gaba, ko a Anambra ko a Kano, ba za ta canza matsayin ɗan zango da ɗan Sabon Gari ba muddin fassarar "ɗan jiha" tana nan yadda aka rubuta ta a 1979. Ga masu nazarin harshe kuma akwai aiki a gaba: tattara yadda Hausa da Igbo da Yarabanci suke kiran mazauni da ɗan asali da baƙo, da yadda aka fassara waɗannan kalmomi a takardun zaɓe daga 1951 zuwa 1999.